Wa Ya Kashe Giwa?

Karatu: Amos 6:1-7

A farkon shekarar 2012 wasu mahaya dawakai da bindigogi suka shiga gandun dajin Bouba Ndjida a arewacin Kamaru. Cikin 'yan makonni suka karkashe giwaye ɗaruruwa. Ba nama suka zo nema ba, haure kawai. Tushen haure yana can cikin kan giwa, sai an sassare fuskarta da gatari kafin a zare shi. Dabbar da uwarta ta ɗauki cikinta wata 22, sai a bar ta ga ungulu.

Tun 1989 aka hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe, amma kisan bai tsaya ba, domin akwai mai saye. Yana zaune a wani birni mai nisa, ya ajiye sassaƙen haure a falonsa, bai taɓa jin warin mushe ba. A ganinsa hannunsa tas yake. Amma kuɗinsa ne ya sayi harsashin.

Irin waɗannan mutane Amos, makiyayin Tekowa, ya tsawata wa a Samariya. Suna miƙe ƙafa a kan gadajen hauren giwa, suna cin 'yan raguna, suna shafa mai mai tsada, lalacewar jama'arsu ko a jikinsu. Ubangiji ya ce su ne za su fara tafiya bauta.

Na sani ba ka da haure a ɗaki. To, wayar nan da ka saya rabin kuɗi a bakin tasha, ba kwali ba rasit, ka tambayi inda ta fito? Saniyar da aka kawo maka da dare a kan arha fa, alhali ka san ana kore shanun mutane a ƙauyuka? Ka yi shiru ne don ka riga ka san amsar. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wani zai tsaya ranar Lahadi ya ba da shaida cewa Allah ya buɗe masa hanya, har ya fitar da zakka daga ciki, ikilisiya tana ta Haleluya, mai kayan kuwa yana kuka a gida.

In Ruhu Mai Tsarki ya tuna maka wani abu yanzu, kada ka bar shi ya ƙara kwana a gidanka. Ka je wurin fasto ko dattijo, ku nemi hanyar mayarwa kamar yadda Zakka ya yi (Luka 19:8).

Addu'a: Ya Uba, ka nuna mini abin da ke hannuna wanda hawayen wani ya jiƙa, ka ba ni ƙarfin zuciya in mayar, cikin sunan Yesu. Amin.