Idan Asirin Mawaƙi Ya Tonu, Mene Ne Namu A Ciki?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai suturta bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa a saƙonninku, daga Anka, daga Gummi, daga Bukkuyum, har da 'yan ci-raninmu da ke Legas: idan asirin mawaƙi ko mawaƙiya ya tonu, bidiyo ya fita, shin ya halatta in tura wa jama'a don su gane ko su wane ne suke saurare? Wasu ma gani suke aikin lada ne, tunda dai ai ɗan waƙa ne, shi ya jawo wa kansa.

Kafin amsa, bari in kawar da wani zato. Ban zo wanke kiɗa ba. Jumhurun malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan hana kayan kiɗa, in ban da duffi a wajen biki, kuma Abdullahi ɗan Mas'udu ya fassara aya ta 6 a Suratu Luƙman da waƙar shagala. Ibn Hazmi da wasu sun saɓa, wannan sananne ne a wurin ɗalibai. Ita kuwa waƙa zalla, magana ce, mai kyau da kyaunta, mummuna da muninta. Da waƙa Shehu Usmanu ya karantar da makiyaya, da waƙa Nana Asma'u ta ilimantar da mata ta hannun 'Yan Taru. To wannan babi daban ne. Abin da ke gabanmu yau shi ne mutuncin Musulmi mai laifi, da abin da Shari'a ta ɗora mana a kansa.

Mu tuna 2007. A watan Agusta na shekarar, wani bidiyo na wata 'yar fim ya ɓulla a Kano. Ba zan kama sunanta ba, ko da yake manyanku sun sani, domin in na kama na shiga cikin abin da nake hanawa. A ɓoye aka ɗauki abin, amana ce aka ci har ya fita. A lokacin babu TikTok, babu WhatsApp, ta bulutut ake turawa daga waya zuwa waya, amma cikin 'yan kwanaki ya zaga Arewa. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da shirya fim na wata shida, aka ɗora Malam Abubakar Rabo Abdulkarim a kan Hukumar Tace Finafinai. A watan Satumba kotu ta ɗaure Adam A. Zango wata uku saboda faifan waƙoƙinsa na Bahaushiya da ya fitar ba tare da tacewar hukuma ba. Shi ya gama zamansa ya fito, ya koma sana'arsa, har tauraronsa ya fi na da haske. Ita kuwa daga nan aka rufe babinta.

Haka a 2016, lokacin da ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon waƙar ClassiQ. Su biyu ne a bidiyon, waƙar ma tasa ce, amma duk ƙurar a kanta ta sauka. Ni ban ce abin da aka yi a bidiyon daidai ne ba. Tambayata a kan ma'aunin ce. Aya ta 2 a Suratun Nur da ta zo da hukuncin zina, mace da namiji ta ambata tare, bulala iri ɗaya, adadi ɗaya. Mu kuwa mudunmu biyu ne, ƙarami na maza, babba na mata. Wanda ke auna hatsi haka a kasuwar Gummi, mun san sunan da za mu kira shi.

To yanzu ga amsar tambayar. Laifin da mutum ya aikata a ɓoye, wani ya ci amanarsa ya fitar, haramun ne ka kalla, haramun ne ka tura, kuma niyyarka ta faɗakarwa ba ta mayar da shi halal. Aya ta 19 a Suratun Nur ta yi narkon azaba mai raɗaɗi, duniya da lahira, ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Lura da kyau, a kan son yaɗuwar aka yi narkon, ina ga wanda ya danna da yatsansa ya tura wa zaure mai mutum ɗari biyu? Shi mai laifin sau ɗaya ya aikata tsakaninsa da Ubangijinsa. Kai kuma ka ɗauki tsiraicin 'yar Musulmi ka shigar da shi wayar yaro ɗan shekara goma sha huɗu, wanda ƙila shi ne karo na farko da idonsa ya ga irin wannan. Wa ya fi wani ɓarna tsakaninku?

Sannan ku duba yadda Shari'a ta tsaurara. Wanda ya jefi wani da zina bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ce a bayansa, kuma an daina karɓar shaidarsa. Ka ga hikimar: Allah Ya fi son mai laifi ya kuɓuta da sirrinsa ya je ya tuba, a kan bakunan mutane su saba da yaga mutunci. Lokacin da Ma'izu ya zo ya yi iƙirari da kansa, Manzon Allah (SAW) ya yi ta kawar da kai daga gare shi, daga baya kuma ya nuna wa Hazzalu, wanda ya ba shi shawarar zuwa, cewa da ya rufa masa asiri da ya fi masa alheri. Yau kuma ga ƙarin musiba: da ƙirƙirarriyar basira ana ɗora fuskar mutum a jikin da ba nasa ba, a haɗa muryarsa da maganar da bai taɓa furtawa ba. Wanda ya tura irin wannan ya haɗa ƙazafi da yaɗa alfasha a dannawa ɗaya.

Amma kada wani ya ɗauki maganata ya ce Malam ya ce a yi shiru a kan komai. A'a. Akwai mai bayyana saɓo, wanda shi da kansa ya shiga ɗakin ɗaukar murya, ya rera batsa, ya biya kuɗi aka tallata. Wannan shi ya yaye wa kansa sutura, kuma hadisin Bukhari da Muslim ya fitar da masu bayyanawa daga cikin waɗanda ake yi wa rangwame. Gargaɗi a kan waƙarsa wajibi ne, kai ƙara wurin Hisba ko kotu daidai ne. Shi ya sa lokacin da Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa ta hana sanya waƙar Warr ta Ado Gwanja a 2022, ban ga abin ƙorafi ba. Hukuma ce ta yi aikinta a kan abin da aka fitar a fili. Sai dai ko shi mai bayyanawar, abin da ya bayyana za ka yi magana a kai. Ba a ba ka lasisin tono asalinsa, ko zagin mahaifiyarsa, ko yi masa fatan mutuwa a kan kafirci ba.

Mu nan yammacin Zamfara kuma akwai nau'in da ya fi batsa ci mana tuwo a ƙwarya, amma ba na ganin ana zafi a kansa kamar yadda ake yi a kan bidiyon mata. Ina nufin waƙoƙin kambama 'yan bindiga. A farkon watan Janairu 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai wajen 200. Ko wanne ka ɗauka, gawarwakin 'yan'uwanmu ne. Amma sai ka hau ɗan kabu-kabu ka ji waƙar da ake yi wa wani jagoran daji kirari tana tashi daga aljihunsa, wai shi daɗin kiɗan yake ji. Haba ɗan'uwa! Wanda ake wasawa ɗin nan shi ya hana mahaifinka zuwa gona. Mawaƙin da ya yi wannan, in kasuwarsa ta mutu, ba a zalunce shi ba. Yabon azzalumi taimakonsa ne, domin da kirarin nan ake sa yaro ya ga bindiga ta fi garma daraja.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Mu ne muka fitar da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru a fada, mu ne kuma muka fitar da Kassu Zurmi da ya yi wa 'yan tauri da ɓarayi kiɗa. Maƙwabtanmu na Kabi kuma suka fitar da Gambo mai waƙar ɓarayi, mutumin Fagada ta ƙasar Maiyama, wanda dattawan Gummi ba sa buƙatar a gaya musu ko wane ne. Shekaru ya yi yana zuga masu fasa gidajen mutane. Daga baya ya fito ya shelanta ya bar waƙar ɓarayi. Abin da nake so ku lura da shi, ƙofar nan da ya shiga a buɗe take ga kowa har rana ta fito daga yamma, kuma babu wanda aka naɗa ya yi gadinta a Facebook.

A nan ne muke yawan faɗuwa. Mun iya kora, ba mu iya tarba ba. A 2020 an cire wata yarinya daga wani shiri mai dogon zango na talabijin saboda bidiyonta da ya fita. Aka yi mata ca, aka zage ta tas, kowa ya koma harkarsa. Ba a jima ba sai ga ta cikin masu irin waƙoƙin da muke kuka da su, abin da ya fi na farko muni. Laifinta na kanta, ba na ɗauke mata. Amma lokacin da ta faɗi, su wa suka miƙa mata hannu? Masu kasuwar banza ne suka ce zo, muna da wuri. Mu masu gemu muna can muna ƙirga mata zunubi.

Ku dubi yadda magabata suka yi da irin waɗannan mutane. Ka'abu ɗan Zuhairu mawaƙi ne da ya yi wa Manzon Allah (SAW) zambo, har ƙasa ta yi masa ƙunci bayan buɗe Makka. Ya zo Madina a tsorace ya musulunta, ya rera waƙarsa ta yabo a masallaci, aka karɓe shi, har aka ruwaito an yafa masa mayafi. Huɗai'a kuwa mai kaifin harshe ne da kowa ke tsoro. Zibriƙanu ɗan Badru ya kai ƙararsa wurin Sayyidina Umar saboda zambo. Umar bai yanke hukunci da ji-ta-ji-ta ba, sai da ya kira Hassanu ɗan Sabitu, masanin waƙa, ya tabbatar masa baitin zagi ne, sannan ya tsare shi. Da Huɗai'a ya kai kukan 'ya'yansa ƙanana da ba su da mai ciyarwa, Umar ya sake shi, kuma littattafan tarihi sun ruwaito ya ba shi dirhami 3,000 a kan ya kame bakinsa daga mutuncin Musulmi. Umar ya san mutumin da harshensa ne gonarsa, in ka ɗaure harshen ba ka ba shi wata gona ba, gobe zai koma.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Zazanu Abu Umar, mutumin Kufa. Imamu Zahabi ya kawo labarinsa a Siyaru A'alamin Nubala. Saurayi ne mai zaƙin murya, yana zaune da abokansa da abin sha da abin kiɗa, yana rera musu waƙa, sai Ibn Mas'udu ya biyo ta wurin. Ya shiga ya fasa kayan, sannan ya nuna wa yaron cewa wannan muryar da Alƙur'ani aka ji ta da shi, da ya zama wani abu. Maganar ta shiga zuciyar Zazanu, ya bi shi yana kuka. Ibn Mas'udu ya rungume shi, ya zaunar da shi, ya shiga gida ya kawo masa dabino. Yaron nan ya zama ɗaya daga cikin malaman tabi'ai. Dogon hadisin nan na Bara'u ɗan Azibu a kan fitar rai da tambayar kabari, wanda muke karanta muku a wajen ta'aziyya kuna hawaye, ta hannun Zazanu ya iso gare mu. Da Ibn Mas'udu ya tsaya a fasa kaya ya tafi yana tsinuwa, sai dai mu ce Allah Ya kiyaye.

Wani zai ce, Malam, in an sassauta ai sun samu ƙofa. Ban ce a sassauta hukunci ba. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999 muna da kotuna, muna da Hisba, kuma hukunci nasu ne. Sahabin nan da aka sha kawowa ana yi masa bulala saboda giya, ba a fasa yi masa bulalar ba, amma da wani ya la'ance shi sai Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Taron jama'a ba kotu ba ne. A watan Maris 2023, bayan zaɓen gwamna a Kano, an cinna wa kadarorin Rarara wuta. Duk ra'ayinka a kan waƙoƙinsa na siyasa, ƙona dukiyar Musulmi zalunci ne, kuma cikin masu jifan akwai waɗanda jiya suke rawa da waƙarsa. Mawaƙanmu matasa su yi karatun ta-natsu a nan: masu liƙa maka kuɗi a goshi yau ba su yi maka alkawarin gobe ba.

Saboda haka wanda irin wannan bidiyo ke cikin wayarsa yanzu, ya goge, ya nemi gafara, in ya tura wa wani ya bi shi ya ce ya goge. Mai kula da zauren WhatsApp ya sani abin da ya bari ya zauna a zaurensa yana da kaso a ciki. Waƙar kirarin ɓarayin daji ma haka, a fitar da ita daga katin waya, masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa su daina sayar da ita.

Sai masu hali, musamman 'yan'uwanmu dillalan zinari na Anka da manyan 'yan kasuwar Gummi da Nasarawar Burkullu. A garuruwanmu akwai samarin da suka bar kiɗa, ko suke son bari, abin da ke riƙe da su kawai shi ne ba su san da me za su ciyar da iyali ba. Jarin da zai tsayar da ɗayansu bai kai abin da wasunku ke liƙi da shi a daren biki ɗaya ba. Wanda ya san irin wannan yaro, ya kai shi wurin limamin unguwa ba tare da kyamara ba, a zauna da shi, in fakiri ne a rubuta sunansa ga Hukumar Zakka da Waƙafi kamar kowane mabuƙaci. In yana da murya, a gwada shi a ajin tajwidi.

Wallahu a'alam.