Hukuncin Tara Mutum-mutumin Japan

'Yan'uwa Musulmi, wasu samarinmu suna sayo mutum-mutumin jaruman zane daga Japan, irin su Goku da Akira Toriyama ya ƙirƙiro a 1984, suna jerawa a ɗaki don ƙawa. To, a sani malamai sun rarrabe. 'Yar tsanar yara ta halatta, domin Nana A'isha ta yi wasa da irinta a gidan Manzon Allah (S.A.W.). Amma girke surar mai rai don ado, jumhurun malamai sun haramta, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin. Mutanen Annabi Nuhu ma don tunawa da salihai suka sassaƙa Waddu da Suwa'u, na baya suka bauta musu. Wanda ya mallaka, sai ya cire kan. Allah Ya kiyashe mu, amin.