Haɗa Irin Shuka: Canza Halittar Allah Ne?

Manomin garin Dareta ya san shibra. Tana fitowa a tsakiyar gero da siririyar zangarniya, ƙwayarta kuma na kakkaɓewa ƙasa tun kafin girbi. Jinin geron daji ne a jikinta, domin iska ba ta bambanta gona da daji idan ta ɗauko bununi. Ke nan auratayya tsakanin shuke-shuke ta girmi duk wata cibiyar bincike. Amma har yau akwai masu ɗari-ɗari da ingantaccen irin gero kamar Sosat, suna ganin haɗa iri biyu shi ne canza halittar Allah da Suratun Nisa'i ta jingina wa Shaiɗan. Ni a ganina ba shi ba ne.

Dubi sitiroberi, jan ɗan marmarin nan da ake nomawa a kewayen Jos. Kakarsa tsiro ce mai yaɗo a rairayin gaɓar tekun Chile, wadda 'yan ƙabilar Mapuche suka daɗe suna nomawa. A 1714 wani injiniyan sojan Faransa, Frézier, ya isa gida da tsiro biyar daga garin Concepción na Chile. Duka mata ne, sai suka yi ta fure ba 'ya'ya, har aka dasa su kusa da danginsu na Arewacin Amurka a yankin Brittany na Faransa. Ƙwari suka kai ƙurar fure, aka sami sabon iri mai manyan 'ya'ya. Me mutum ya halitta a nan? Kusanto da su biyun kawai ya yi. Ikon su karɓi juna tun asali Mahalicci Ya ajiye shi a cikinsu, shekaru aru-aru suna nesa da juna. Hadisin barbarar dabino da Muslim ya ruwaito ya ƙarfafa wannan: mutanen Madina sun bar yinta, dabinon bai yi kyau ba, Annabi (SAW) ya mayar musu da lamarin domin sun fi sanin al'amarin duniyarsu.

Mai ja zai ce ba duk abin da ke kawo riba ne alheri ba, kuma Dareta, garin da gubar dalma ta cinye wa yara a 2010, yana da haƙƙin faɗin haka. Na yarda. Sai dai wannan magana ce ta cutarwa, kuma da gwaji ake gane ta, ba da haramta haɗa iri ɗungurum ba. Abin da ya fi damuna shi ne manomi ya rungumi sabon iri ya bar na kakanni ya ɓace daga rumbu, alhali ranar da fari ko wata cuta ta kayar da Sosat, wurin tsohon iri da geron daji masana za su koma neman jini mai juriya.