Abin lura: Zabiya da 'yan amshinta

A ƙauyukan Rumbu da ke yankin Dakoro, jihar Maraɗi, injin niƙa bai raba mata da turmi ba. Ranar biki sai ka ga mata uku sun kewaye turmi ɗaya suna lugude. Wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga, ta ukun ta cilla tata sama, ta tafa, ta cafe. Taɓarya biyu ba sa shiga turmi a tare. Wadda ta yi garaje ta ɓata kiɗan, ta kuma watsar da geron. Tun a bakin turmi 'ya mace ke koyon cewa daɗin sauti yana ga ba wa abokiyar aiki lokacinta.

Haka kiɗan amada yake. A zuba ruwa a babban masaki, a kifa ƙwarya a kai, a yi ta bugu, zabiya na bayarwa, mata na karɓa. Da wannan kiɗa marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi shekaru tana zuga mata su kama sana'a. A jihar Tawa mai maƙwabtaka da Dakoro, 'yan matan Abzinawa na ƙungiyar Les Filles de Illighadad, su Fatou Seidi Ghali, sun haɗa jita da tende, wato turmin da aka rufe bakinsa da fatar akuya. Faifansu na farko ya fito a 2016, kuma kiɗan ƙauye ya kai su Turai da Amurka.

To amma a tambayi mai sauraro sunan mace ɗaya cikin masu yi wa Barmani amshi, sai ya yi shiru. Alhali da a ce sun tsuke baki, da waƙar ta zube nan take. Su ne ke riƙe kiɗa, su ke ba zabiya damar numfasawa da tunano baiti na gaba.

A Amurka ma an ga irin wannan. 'Yan matan The Supremes na birnin Detroit sun shiga kamfanin waƙa na Motown a 1961, kuma waƙoƙinsu 12 ne suka hau matsayi na ɗaya a ƙasar. Da ɗaukaka ta zo, a 1967 aka ɗora sunan zabiyarsu Diana Ross a gaban na ƙungiyar, aka sallami Florence Ballard, wadda da ita aka kafa tafiyar. Ballard ta sha fama da talauci, ta rasu a 1976 tana da shekara 32. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin bai tsaya a waƙa ba. Ƙungiyoyin adashe da na masu ƙuli-ƙuli da yawa sun watse ne ranar da shugaba ta fara cewa “ni” a inda ake cewa “mu”.

Don haka idan an tashi daga biki, zabiya ta raba kuɗin liƙi a gaban kowa, bisa adalci. Masu gidajen rediyo da masu ɗaukar waƙa a waya su riƙa ambaton sunayen masu amshi da makaɗa. Kai kuma mai liƙi, ka tuna da matan da ke zaune a bayan zabiya, haƙƙinsu ne.