Raini a Hawa na 44

Fim ɗin The Hudsucker Proxy, wanda Joel da Ethan Coen suka fitar a 1994, ya buɗe ne a birnin New York cikin Disambar 1958. Ana tsaka da taron daraktoci, mai kamfani Waring Hudsucker ya hau tebur ya faɗa ta taga daga hawa na 44. Gawarsa ba ta huce ba, Sidney Mussburger, wanda Paul Newman ya fito a matsayinsa, ya kawo dabara: a ɗora wawa a kujerar shugaba, farashin hannun jari ya faɗi, daraktocin su saye a arha.

Wawan da suka zaɓa shi ne Norville Barnes, ɗan garin Muncie, sabon ma'aikaci a ɗakin wasiƙu na can ƙasan bene. Yana yawo da takarda mai zanen da'ira kawai, duk wanda ya nuna wa sai ya yi masa kallon taɓaɓɓe. Babu wanda ya tsaya ya tambaye shi da kyau. Da'irar nan ita ta zama zoben roba da yara ke juyawa a ƙugu, kasuwa ta buɗe, hannun jari ya tashi, masu dabara suka ciji yatsa. Raina kama ka ga gayya.

Da nan labarin ya tsaya, da ban ɓata tawada ba, don kowa na jin daɗin ganin mai raini ya kunyata. Abin da ya fi ɗaci ya zo daga baya. Norville ya saba da kujera, ana yi masa aski da gyaran farce a ofis. Sai Buzz, yaron da ke tuƙa lif, ya shigo da tasa takardar, ita ma da'ira ce, zanen tsinken shan lemo mai lanƙwasa. Norville, da ya fi kowa sanin zafin wannan kallo, ya yi masa shi, ya kuma kore shi daga aiki. Mugunta ba halinsa ba ce, koya ya yi. A gidan da daraja ke bin hawan bene, wanda aka taka yakan leƙa ƙasa ya nemi nasa abin takawa, yana ganin haka shugabanci yake.

Daren sabuwar shekara, da Norville ya zame daga hawa na 44, wanda ya tsayar da lokaci ya cece shi Moses ne, tsohon baƙar fata mai kula da agogon ginin, wanda manyan ba sa ko waiwaya.