Sallama a Bakin Gona

Wata safiyar Asabar cikin hunturu, ina gabatar da shirin manoma a gidan rediyon da nake aiki a nan Tamale, sai wani dattijo ya kira daga wani ƙauye da ke kan hanyar Salaga. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Ɗana, tambaya gare ni. Mutum ne ya shigo gonata ba sallama, ya koro zomo, zomon ya shige cikin tarin shinkafata, ya sa wuta don ya fito da shi. Wa zan kai ƙara, zomon ko mutumin?" Na yi dariya, don na zaci barkwanci ne. Shi bai yi ba. Shinkafar da ya yanke ya tara yana jiran sussuka, ita ce ta zama toka kwana uku kafin nan.

Yana ajiye waya sai wani matashi ya kira. Ya ce, "Allah ya huci zuciyar Baba, sa wuta kam ba daidai ba ne. Amma maganar shiga fa? Gonar nan ba shinge, ba allo, ba wanda ya ce kada a shiga. Naman daji na Allah ne. In sai na nemi izini a kowane fili, ai rana za ta faɗi ban kama ko gafiya ba."

Lokacin shiri ya ƙare, amma maganar ta biyo ni har gida. Shin wurin da ba a hana ka shiga ba, an ba ka izinin shiga ke nan?

Bari mu fara yi wa matashin adalci. Duk wanda ya zauna a Tamale ya san yadda rani yake. Da an gama kaka, aikin gona ya tsaya, sai ka ga samari sun cika mota da sassafe, da karnuka da kulake, wasu da adaka, sun nufi dajin Tolon, ko Savelugu, ko hanyar Yendi. Da yamma su dawo da zomo, da gafiya, da zabon daji, da gyazbi, wanda mutanen kudu ke kira akranti. A gidaje da yawa wannan ne naman da ke shiga tukunya a makon. Ga shi kuma manomi ma na amfana, domin gyazbi da gafiya ba ƙaramar ɓarna suke yi wa masara da gyaɗa ba. A karatun fiƙihu da muka yi a makarantar Zango, an koya mana cewa dabbar daji ba mallakar kowa ba ce sai wanda ya kama ta. Saboda haka matashin bai yi ƙarya ba. Zomo ba na Baba ba ne.

Sai dai ya haɗa abu biyu ya mai da su ɗaya. Akwai dabbar, akwai kuma ƙasar da ka taka kafin ka kai gare ta. Zomo ba shi da mai shi, amma ƙasa tana da shi.

A ƙasar Dagbon ba filin da za a nuna a ce ba na kowa ba ne. Sarakunan nan a kan fata suke zama, kuma ƙasa amana ce a hannun fatar, tun daga Ya-Na a Yendi har zuwa sarkin ƙaramin ƙauye. Kafin sarauta ma akwai tindana, mai kula da al'adun ƙasa. Turawan mulkin mallaka sun sa filayen arewa a hannun gwamnati, sai tsarin mulkin 1979 ya mayar wa masu su, na 1992 kuma ya tabbatar da haka. Abin da ɗan birni zai hanga daga mota ya ce daji ne, ɗan ƙauye ya san saurar wane ce, an bar ta ta huta. Ya san ɗorawar can tana da mai ita, ya san matan da ke tsintar kaɗanya a wancan gefen. Iyaka na nan, a zukatan mutane aka rubuta ta, ba a jikin allo ba.

Maganar allo ma ba tamu ba ce. A wasu jihohin Amurka, irin su Maine da Vermont, al'ada ta ba mafarauci damar shiga filin da mai shi bai kafa alamar hani ba, har tsarin mulkin Vermont na 1777 ya ambaci 'yancin farauta a filin da ba a killace ba. A Ingila kuwa sai da yardar mai ƙasa. To amma ko a can Amurkan, hukumomin namun daji suna roƙon mafarauta su riƙa tambaya tukuna. Mu a nan, wane manomi ne zai ɗauki kuɗin taki ya sayi allo da fenti? Idan muka ce sai wanda ya kafa alama ne ke da haƙƙi, mun ce haƙƙi na mai kuɗi ne kawai. Attajirin da ya zagaye gonar mangwaronsa da waya ya tsira, talakan da ba shi da abin shinge ya zama hanya.

Wani zai ce, ai sun sha ganinmu muna wucewa ba su ce komai ba. A nan ne nake ganin zuciyar maganar take. Ka yi tunanin tsoho shi kaɗai a gona, sai ga samari arba'in da kulake da karnuka sun keto ta cikin rogonsa. Me kake so ya ce? Shirunsa ba yarda ba ne, tsoro ne. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, amma ba kowane shiru ne ke nufin "bismillah" ba. Akwai gwaji mai sauƙi da kowane mafarauci zai iya yi wa kansa. Idan ka hango mai gona yana tahowa, shin za ka nufe shi ka gaishe shi, ko za ka sauya hanya? In ƙafarka ta zaɓi kauce masa, to zuciyarka ta riga ta yanke hukuncin da bakinka ke musu.

Doka ba ta yi shiru a kan farauta ba. A Gana an rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara, lokacin da dabbobi ke haihuwa da reno, in ban da gyazbi, shi ma sai da lasisi. Tun 1989 aka haramta farautar gayya. Bayan fari da gobarar daji da suka jefa ƙasar nan cikin yunwa a 1983, aka zo aka kafa dokar hana ƙona daji ta 1990. Gandun Mole da ke kusa da Damongo kuwa ba a farauta a cikinsa sam. Duk wannan na nan a rubuce, amma kowa ya san motocin farauta ba su daina fita ba, hayaƙi bai daina tashi ba. Ma'aikacin gandun daji ba zai tsaya a bakin kowace gona ba. Kuma ko da kana riƙe da lasisi, takardar ta yi magana ne tsakaninka da gwamnati a kan dabba. Ba ta yi magana tsakaninka da manomi a kan guminsa ba. Wannan wurin, ladabi ne kaɗai ke iya tsare shi.

Ni ma na taɓa bin farauta. Ina ɗan shekara goma sha biyu kawuna yakan tafi da ni in riƙe masa jaka. Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne, kafin mu shiga daji sai mun biya ta gidan sarkin ƙauye. Kawu ya cire takalmi, ya durƙusa, ya miƙa goro, a yi ta gaisuwa da Dagbanci kamar ba za a gama ba, ni kuwa ina ganin rana na ɗagawa. Wata rana na ce, "Kawu, ai lokaci muke ɓatawa." Ya ce, "Saurara ka ji abin da goron nan zai saya mana." Sai na kasa kunne. Aka gaya mana cewa gabas da rafi wani ya ɗana tarko, kada karnuka su bi can. Aka ce akwai mata suna yin itace a bayan tudu, kada a yi harbi ta wajen. Aka nuna mana kurmin da ba a shiga, aka kuma faɗa mana gonar da gyazbi ya addaba, mai ita ma zai yi murna in mun je. Da yamma kawu ya aika wa gidan da cinya ɗaya.

Sai da na girma na gane cewa neman izini ba ƙasƙanci ba ne, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kuma ba mai gona kaɗai yake karewa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya shiga ba sallama ya shiga a makance: bai san inda tarko yake ba, bai san inda yaro ke kiwo ba, bai san motsin da ya gani a ciyawa dabba ce ko mutum ba.

Saura tambaya mafi wuya: in ka tambaya ya ce a'a fa? Gaskiya ita ce, izinin da ba za a iya hana ka ba, ba izini ba ne, sanarwa ce. Wanda ya yi sallama dole ya shirya wa komawa, kuma addininmu ma haka ya koyar game da shiga gidajen mutane. Amma a nan nauyi ya koma kan mai ƙasa. Shi ma amana aka ba shi. In amfani na tsaye a gona, ko an tara girbi, hani daidai ne. In kuwa saura ce ba komai a ciki, mutum ya zo da ladabi yana neman abin miya, ka kore shi don kawai ka nuna iko, to ka yi rowar abin da ba kai ka halitta ba. Dabbar da aka harba ta faɗa gonar maƙwabci ma, hankali ya ce a je a gaya masa, shi kuma ya bari a ɗauka.

Abin da nake so samarinmu su duba shi ne inda rashin sallama zai kai mu. Tamale na faɗaɗa, ana yanka filaye, katanga na tashi a wuraren da muka kori zomo muna yara. Duk gonar da aka ƙona, duk rogon da aka tattake, dalili ne aka ba wani ya sayi waya, ko wani ƙauye ya ce daga yau baƙo ba zai yi farauta a ƙasarsu ba. Matashin da ya kira ni yana tsoron neman izini zai rufe masa daji. Ni kuwa ina ganin sallamar ce ta bar dajin a buɗe tun zamanin kakanni. Mutane sun bar gonakinsu ba shinge ne don sun yarda wanda zai shigo zai yi magana. Ranar da yardar ta ƙare, shinge zai maye gurbinta, kuma shinge ba ya karɓar goro.

Mako biyu bayan shirin, dattijon ya sake kira. Na ce, "Baba, da sun zo sun tambaye ka, da ka bar su?" Ya yi jim. Ya ce, "Ɗana, zomon nan ya daɗe yana cin waken da na shuka a gefe. Da sun yi sallama, da ni da kaina zan nuna musu makwancinsa. In ce su jira in kwashe shinkafa, jibi su dawo."

Kwana biyu kacal ya nema, ba wanda ya tsaya ya tambaye shi.