Haƙƙin Mai Jinya a Kan Kansa da a Kan 'Yan'uwa

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da cuta da magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk gidan da ciwon daji ya shiga, mutum biyu yake kayarwa: wanda ke kwance, da wanda ke zaune a bakin tabarmarsa. Na farkon ana zuwa dubiyarsa, ana yi masa Fatiha bayan wazifa. Na biyun kuwa "sannu da jinya" kawai yake samu, alhali jikinsa na lalacewa a ɓoye. Sau da yawa kuma mace ce: matar aure, ko 'ya, ko ƙanwa.

Wanda ya san Bande ya san nauyin wannan jinya. Ciwon yakan daɗe ana masa na gida kafin a je asibitin Magarya, daga nan a tura mutum babban asibitin Damagaram. Idan likitoci suka ce sai an ƙona ciwon da na'urar haske, to tafiya ta kama zuwa Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram, inda aka buɗe irin wannan sashe na farko a Nijar a shekarar 2021. Wasu kan ƙetara iyaka su nufi Kano. Maganin ba na kwana ɗaya ba ne, makonni ake yi ana komawa. A tsawon wannan lokaci mai jinya ke kwana a ƙasa, shi ke bin layin magani, shi ke wanki da ɗagawa da kwantarwa. Idan abin ya faɗo a damina, ga gonar gero da gyaɗa tana jira. Akuyoyin da aka ajiye don ɓacin rana kuma suna tafiya kasuwa ɗaya bayan ɗaya.

Jiki magayi. Allah Ya halicci ɗan Adam ta yadda in ya firgita, jikinsa zai saki wasu sinadarai da ke ƙara bugun zuciya, su ɗaga jini da sukari, don ya tsere wa haɗari. Rahama ce in na ɗan lokaci ne. Amma in fargaba ta zama ta watanni, sai hawan jini ya zauna, barci ya ƙaurace, garkuwar jiki ta yi rauni, zazzaɓi kaɗan ya kwantar da mutum. Ga ciwon baya na yawan ɗaga majinyaci, ga ramar wanda ba ya cin abinci sai ragowar kwano. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1999 ya gano cewa tsofaffin da ke jinyar abokan aurensu cikin matsi sun fi waɗanda ba sa jinya haɗarin mutuwa da kashi 63 cikin ɗari a tsawon shekara huɗu.

Jinya ibada ce babba. A shekara ta 2 bayan Hijira, Sayyidina Usmanu ɗan Affan (RA) bai halarci Badar ba, domin Manzon Allah (SAW) ya bar shi a Madina yana jinyar matarsa Nana Ruƙayya (RA). Aka ba shi ladan wanda ya halarta da rabonsa na ganima. Saboda haka wadda ta kwana tana juya mijinta kada ta ɗauka ta rasa zikiri. Tana cikin hidima, hidima kuwa ƙofa ce daga ƙofofin kusanci.

Sai dai hidima ba ta halatta wa bawa ya tozarta amanar jikinsa ba. Salmanul Farisi (RA) ya tarar da ɗan'uwansa Abud Darda'i (RA) yana azumi da rana, yana tsayuwa da dare, ya bar iyalinsa. Ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta, ya tuna masa cewa Ubangijinsa da ransa da iyalinsa kowanne yana da haƙƙi a kansa. Da labari ya kai ga Annabi (SAW), ya gaskata Salmanu. Idan an tsawata wa mai nafila kan takura wa jiki, mai jinya ma ba a bar shi ba. Ya ci a kan lokaci, ya nemi wanda zai karɓe shi ya yi barci, ya sa a auna jininsa tun da yana cikin asibitin, mai shan maganin hawan jini ko na sukari kada ya ajiye nasa. Faɗin "na gaji" ba ya rushe haƙuri, kuma neman taimako ba ya kore tawakkali.

Ɗariƙa ma ta sauƙaƙa. Lazimin safe yana da lalura har zuwa faɗuwar rana, na yamma har zuwa ketowar alfijir. Muridin da jinya ta riƙe kada ya ƙara wa kansa damuwar cewa ya saɓa alkawari. Ya yi wuridinsa in ya samu sarari, abin da ya shige masa duhu ya tambayi muƙaddaminsa.

Sauran nauyin yana kan 'yan'uwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya dace kowace zawiya ta san gidajen da ake doguwar jinya, a raba kwana tsakanin dangi da ahbabu, samari su yi gayya a gonar wanda ke Yamai, mata su riƙa kai tuwo, a haɗa gudummawa bayan zikirin Juma'a. Mai zuwa dubiya ya taƙaita zama, kada ya zama baƙon da za a dafa wa. Kafin ya fita ya tambayi mai jinya yaushe rabonsa da barci, in da hali ya zauna a madadinsa.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa kaffara ce, Ya ƙarfafi masu jinyarsu, Ya saka musu da mafificin sakamako, albarkar Annabi (SAW). Amin.